Tifa shida da suka zama takwas

Damina ta 2020 ce ta nuna mana cewa gidanmu kwano ne. Ba kogi ne ya shigo mana ba, duk da cewa Maiwurno a bakin Shuɗin Nilu take, kudu kaɗan da madatsar ruwa ta Sinnar. A shekarar nan kogin ya yi cikar da ta zarce ta 1946 da ta 1988 a ma'aunin Khartum, gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku a watan Satumba, gidaje sama da 100,000 suka rushe ko suka lalace a faɗin Sudan. Mu namu ruwan sama ne kurum, ya sauka ya rasa hanyar fita. Shekara da shekaru maƙwabta suna zuba ƙasa a ƙofar gidajensu, lungu yana ta tashi, tsakar gidanmu kuwa tana nan inda kakanmu ya bar ta. Rariyar da aka yi don ta fitar da ruwa sai ta koma ita ke shigo da shi. Kwana uku muna kwarfa da bokiti, har da Inna mai ciwon gwiwa. Ɗakunan kwana sun tsira don an ɗaga su tun asali, sai an taka matakala biyu ake shiga, amma bangon madafa ya jiƙe daga gindi ya zube.

Da aka yi ƙaramar Salla ta 2021, a tsakiyar watan Mayu, na ce ba za mu sake shiga wata daminar a haka ba. Ciko za a yi, abin da Larabawan nan ke ce wa radmiyya.

Tun ba a je ko'ina ba aka fara gardama a kan wace ƙasa za a zuba. Ƙanena cewa ya yi a haƙo ta bayan gari, kyauta ce, jaki kawai za a biya. Kawu, yayan Inna, wanda ya yi gini tun kafin a haife ni, bai ma ɗago kai daga shayinsa ba ya ce, “Baƙar ƙasa ta auduga ce, ba ta tsakar gida ba.” Duk wanda ya zauna tsakanin Sinnar da Wad Madani ya san halinta. Ita ce arzikin Jazira, yankin noman da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, tun da aka gama madatsar a 1925, amma yumɓu ce zalla. Da rani ta tsattsage har ƙafar yaro ta shige, da ta sha ruwa kuma ta kumbura ta riƙe takalmi, ta ture bango. Aka tsaya a kan jar ƙasa mai burji, wadda tifa ke ɗaukowa daga nesa. Wannan kuwa saye ake yi, kuma mai saye dole ya san nawa zai ce a kawo.

Na tambayi Kawu. Ya zaga tsakar gidan sau ɗaya, hannu a baya, ya ce tifa goma. Na ce, “Kawu, da me ka auna?” Ya ce, “Da ido. Ƙasa ba ta yin yawa a gida.” Ni mai shago ne, kuma mai shago ba ya sayen kaya da ido. Na ce a ba ni kwana ɗaya.

Tsawo da faɗi ba su ba ni wahala ba. Tsakar gidan mita 14 ce a kan mita 9, ya zama murabba'in mita 126. Na cire gurbin madafar da za a sake ginawa, mita 3 a kan 2, saura 120 cif. Zurfin ne ya so ya gagare ni, don ƙasa ba a shimfiɗe take kamar tabarma ba. Wani wuri ƙwauri, wani wuri idon sawu. A nan Kawu ya nuna cewa shi magini ne ko da ya raina takardata. Ya aika aka aro doguwar tiyo siririya, irin wadda ake ganin abin da ke cikinta, muka cika ta da ruwa muka fitar da iska. Ya riƙe kai ɗaya a bakin zaure, inda sabuwar rariya za ta fita sama da lungu, ni kuma na riƙa zagawa da ɗaya kan ina jingina shi da bango. Ruwa ba ya son kai, inda ya tsaya a wannan gefe nan yake tsayawa a wancan. Duk inda ya tsaya sai in ja layi da gawayi. Daga wannan layi muka ɗaga ƙarshen gidan da santimita 14, wato santimita ɗaya a kowace mita, don ruwa ya sami gangara zuwa rariya. Muka kafa turaku, muka ɗaura igiya, tsakar gida ta koma kamar saƙar gizo-gizo, kaji suna ta tuntuɓe.

Daga igiya zuwa ƙasa na auna a wuri tara, uku a gaba, uku a tsakiya, uku a ƙurya. Har yanzu lambobin suna nan a bayan littafin bashi na shago: 15, 20, 25, sai 20, 30, 40, sai 30, 40, 50. Mafi zurfi shi ne gindin dalbejiya, inda agwagin maƙwabta suka yi wanka a daminar 2020. Na haɗa su suka ba da 270, na raba gida tara, ya zama santimita 30. Ma'ana, in da za a baje kwarin nan daidai wa daida, ko'ina zai ci santimita 30.

Awon da masu tifa ke sayar da ƙasa da shi suna ce masa mitir muka'ab. Ni akwatin mita nake kiransa, don haka na fi gane shi: akwati mai mita ɗaya a tsawo, mita ɗaya a faɗi, mita ɗaya a zurfi. In ruwa ka cika shi da shi zai ci lita 1,000, durom biyar ke nan na lita 200, nauyinsa kuma tan ɗaya. Na buga 120 sau 0.30, ya ba ni akwati 36. Washegari na je inda tifofi ke tsayawa, waɗanda a nan ake ce wa gallab, na hau bayan wadda muka daidaita da mai ita na auna cikin bodinta da kaina: mita 4 a kan 2.2, zurfi santimita 70. Akwati 6 da ɗan ɗoriya. Shida sau shida 36. Lissafi ya fita fes kamar an yanka da wuƙa, har na riƙa jin tausayin Kawu da tifofinsa goma. Na biya kuɗin shida.

Ranar da ta farko ta iso aka gane abin da babu wanda ya tuna da shi, tifa ba za ta shiga lungunmu ba. Kakannin da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 ba su yanka unguwa da tunanin mota ba. Direba ya juye a bakin babban titi ya kama gabansa. Tsakanin tulin da ƙofar gida tafiya ce ta kusan taku ɗari biyu. Sai karo, amalanken jaki mai tayar mota, wanda shi ne ke ɗaukar rabin kayan garin nan.

Mai karo, wani dattijo ɗan unguwarmu, ya ce shi sawu-sawu za a biya shi. Na ce to sawu nawa ne a tifa ɗaya? Ya ce sai abin da jaki ya ce. A nan ne maganar nauyi ta shigo, wadda a da ban sa ta a lissafi ba. Na ɗauki bokiti na lita 20, na tabbatar da cikarsa da kwalbar lita ɗaya, na cika shi da ƙasar ba tare da na danna ba, na share bakinsa da katako. Na kai shi wurin mai sayen riɗi a kasuwa ya ɗora mini a sikeli, mutane suna tambaya ko zinariya na samo. Da aka cire nauyin bokitin, ƙasar ta ba da kilo 28. Bokiti 50 ne ke cika akwatin mita, saboda haka akwati ɗaya kilo 1,400 ne, kusan nauyin buhun siminti 28. Tifa ɗaya tan 8 da kilo 400. Na tsaya ina kallon tulin nan da yara ke hawa suna zamiya a kai, na kasa yarda cewa ya fi shanu ashirin nauyi.

Mai karo ya ce jakinsa a kan hanya mai kyau yana jan rabin tan ba tare da ya wahala ba, abin da ya wuce haka kuma zalunci ne. Da yake bayan karo a shimfiɗe yake ba shi da bango, a buhu muka riƙa zubawa, bokiti biyu a kowane buhu, kilo 56. Buhu tara a sawu, kilo 504. Tifa ɗaya bokiti 300 ce, a raba da 18, sawu 17 ke nan in an cike gurbi. Na faɗa masa haka, ya yi shiru yana lissafi da yatsu, ya ce shi da ya zaci ashirin. Muka yi ciniki a kan tifa maimakon sawu, kowa ya huta da ƙirga.

Zubi kuwa Kawu ne ya riƙe shi, bai yarda a tula ƙasa gaba ɗaya a baje ba. Hawa-hawa ake yi, kowane hawa bai kai taƙi ɗaya ba, a yayyafa ruwa, a bar shi ya ratsa, sannan a bi da madaɓi. Yadda yake gane ruwan ya isa shi ne ya damƙi ƙasar a hannu. In ta dunƙule ta tsaya, kuma da ya sake ta ta faɗi ta farfashe, to ta yi. In ta zube kamar gari, da saura. In ta manne a tafin hannu, an yi ɓarna, sai a jira rana. Matan unguwa suka shigo daɓen kamar yadda ake yi a da, da waƙa da habaici, uwargidana tana ta dafa musu shayi da gasa gyaɗa.

Mun cinye tifa biyar, ta shida tana bakin titi ba a taɓa ta ba, sai na duba igiya gabana ya faɗi. Tsakanin daɓe da igiya akwai tazarar da ta kusa santimita 10 a ko'ina. Santimita 10 a kan murabba'i 120 akwati 12 ne, ni kuwa 6 suka rage mini. Abin da ya fara zuwa raina, ba zan ɓoye ba, shi ne direban nan ya cuce ni. Ba na nan ake loda masa, ba na hawa in leƙa in ya iso. Na kwana ina shirya maganar da zan faɗa masa a gaban mutane.

Babbar 'yata, wadda take sakandare a lokacin, ita ta ce, “Baba, ai tulin yana nan, me zai hana a auna shi kafin a yi faɗa?” Na ce da me ake auna tudu? Ta ce in an tattara shi ya yi tsini kamar malafa, akwai hanya. Muka sa yara suka gyara gefensa da shebur. Ta zagaye gindinsa da igiya, muka miƙe igiyar muka auna, mita 13. Tsayinsa kuma, ta sa ƙanena ya tsaya da sanda a gefe, aka miƙa gora daga ƙololuwar tulin zuwa sandar a kwance, ya ba da mita 1.3. Ta ce tuli mai tsini sulusin gangar da ke da gindi da tsayi irin nasa yake ci, kuma gajeriyar hanyar ita ce a buga zagayen sau kansa, a buga da tsayi, a raba da 38. Sha uku sau sha uku 169, sau 1.3 ya kusa 220, a raba da 38, ya ba da 5.8. Tsakanin 5.8 da 6 ba abin da za ka kai mutum gaban mai unguwa a kansa ba ne, balle akuyoyi da yara sun kwana biyu suna watsa ta. Bawan Allah ya kawo abin da aka biya shi. Na yi istigifari a zuci, kuma na gode wa Allah da maganar ba ta fita daga ɗakina ba.

To ina ƙasar ta tafi? Kawu yana zaune a kan turmi yana kallonmu, sai ya ce in ɗauko bokitin nan nawa na kasuwa. Na cika shi kamar yadda na yi da farko. Ya ce in ɗan yayyafa ruwa in daka da taɓarya. Ina dakawa tana sauka, har ta tsaya a wajen kashi huɗu cikin biyar na bokitin. Lita 20 ta koma 16, ba tare da ƙwaya ɗaya ta fita ba. Ya ce, “Ka taɓa haƙa rami ka mayar da ƙasarsa ta shige duka?” Ban taɓa ba, kullum sai ta yi tozo. Ƙasa tana kwance a inda Allah ya ajiye ta a matse, da an sare ta da diga sai ta warware iska ta shiga tsakaninta, ta ƙara auki. Yashi kaɗan yake ƙarawa, yumɓu kuwa yakan ƙara sulusi ko fiye. In aka zo aka daɓe ta, iskar ta fita, ta koma ta tsuke. Wato ƙasa ɗaya awo uku gare ta: awonta a rami, awonta a bayan mota, da awonta a ƙarƙashin madaɓi. Akwati 36 da na lissafa na daɓaɓɓiyar ƙasa ne, shi ne gurbin da ke tsakar gida. Amma da na je saye, da awon sakakkiya na saya. Kuɗin iska na biya, kashi ɗaya cikin biyar.

Gyaran lissafin bai ɗauki minti ɗaya ba. A raba 36 da 0.8, ya zama 45. Tifa bakwai da rabi, kuma ba a sayar da rabin tifa, sai takwas. Na ce wa Kawu ko ba komai na fi shi kusa, ni na gaza da ɗaya da rabi, shi ya zarce da biyu da rabi. Ya ce, “Ɗana, wanda ya yi saura ba ya komawa kasuwa.”

Komawa kasuwar ce ta yi mini ciwo. Shekarar nan kuɗi ba ya kwana da darajarsa. A watan Fabrairu aka karya darajar fam ɗin Sudan, a farkon Yuni kuma gwamnati ta janye tallafin mai gaba ɗaya, man dizal ya ninka. Tifofina shida na farko kafin janyewar na biya su, biyun ƙarshe kuwa bayanta. Ƙasa ba ta da tsada a inda ake haƙarta, mai ne kuɗinta. Da direban ya faɗi sabon farashi ban yi masa gardama ba, ina jin kunyar abin da bai san na zarge shi da shi ba.

Ta takwas ta iso da la'asar, daren nan hadari ya haɗo daga kudu, aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Da safe mai karo ya loda buhu tara kamar kullum, jaki ya ja taku uku ya turje. Dattijon ya sauke biyu ba tare da ya ɗaga bulala ba, ya ce, “Alhaji, ƙasarka ta yi ƙiba.” Na sake kai bokiti sikeli don in gani da idona, kilo 33. Lita biyar ta ruwa ta shige cikin ƙasar ba tare da bokitin ya ƙara cika ba, ta zauna a gurbin iska. Buhun da yake kilo 56 ya zama 66, tara sun tasam ma kilo 600. Sawu 17 ya koma 22, na ƙara masa kuɗi a kan cinikinmu ba tare da ya roƙa ba.

Wannan bokiti mai kilo 33 shi ya sa na ɗaga kai na dubi rufin ɗakin Inna. Rufin gargajiya ne, babban gungume a tsakiya, azara a kansa, tabarmi, sannan ƙasa da yaɓe. Kowace shekara kafin damina sai an hau an ƙara yaɓe, ba a taɓa kankare na da ba. Na sa tsani na hau, na soka ƙusa a gefen indararo, kaurin ya kai santimita 15. Ɗakin mita 4 ne a kan 4. Sha shida sau 0.15, akwati 2.4. Daɓaɓɓiyar ƙasa irin tawa, kilo 28 a lita 16, tana ba da kilo 1,750 a akwati, ta rufi ba za ta yi nisa da haka ba. Tan huɗu ke nan da ɗoriya a busasshe, a kan itacen da ya girme ni, kuma in ruwa ya kwana yana ratsa ta sai abin da ya ƙaru. Na sauko ƙafata tana rawa. Da na faɗa wa Inna cewa rabin tifa take kwana a ƙarƙashinsa, cewa ta yi shekara arba'in tana kwana a nan bai faɗo ba. Kawu ne ya shiga ya ƙwanƙwasa gungumen da sanda, ya saurara, ya ce a kankare. Shi ta ji maganarsa. Muka sauke kusan rabin kaurin, aka yi sabon yaɓe siriri, aka kafa ginshiƙi a tsakiyar ɗakin.

Da aka kammala cikon, jimillar abin da jakin nan ya shigo da shi gidanmu akwati 48 ne, sama da tan 67 in an auna a busasshe. Ragowar da ta kai rabin tifa na ce a tara ta a gefen zaure kada a bayar. Ruwan Agusta ya zo, muka tsaya a bakin ƙofa muna kallonsa yana bin gangara yana fita ta rariya, Inna tana ta hamdala. Gindin dalbejiya ne kaɗai, inda cikon ya fi kauri, ya ɗan lotsa da kamar yatsa uku ya tara ruwa. Baro goma sha biyu daga tulin zaure suka cike shi. Sauran kuma maƙwabcinmu na gabas ya aiko yaro ya roƙa, don yanzu ruwan da ke fita daga rariyarmu a ƙofarsa yake tsayawa.